Tayar da Tsohuwar Fijo 504: Yadda Ake Zaɓen Fanal-bita da Sa Ido a Kan Aikinsa



A gidajen Hausawa da yawa, daga nan Lafia har Sabo ta Ibadan, Agege da Ama Hausa ta Owerri, za ka tarar da tsohuwar mota ɗaya an jingine ta a lungu, an lulluɓe ta da tamfol, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Sau da yawa Fijo 504 ce. An ƙi sayar da ita ga 'yan gwangwan saboda ta mahaifi ce, da ita aka yi fatauci, da ita aka kai amare, da ita aka kai marasa lafiya asibiti. Yanzu matasa da dama na son su tayar da irin waɗannan motoci, kuma abu ne mai yiwuwa. Sai dai mafi yawan masu wannan niyya a garejin fanal-bita suke makalewa. Inji ana sauke shi a ɗora wani cikin mako guda. Jikin mota kuwa, idan ya faɗa hannun da bai dace ba, an yi asarar kuɗi, an yi asarar motar gaba ɗaya.

Ni ɗan fatake ne, mahaifina shanu yake saya yana kaiwa kudu, kuma ni aka ɗora wa bin aikin tsohuwar 504 ɗinmu ta gida daga farko har ƙarshe. Abin da na tattara a wannan aiki, da abin da na ji daga bakin tsofaffin direbobi da kanikawa, shi na jera a nan don wanda zai shiga irinsa ya ajiye ya riƙa dubawa.

Wace irin mota ce 504

Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da 504 a 1968, kuma ita ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 ta lashe gasar tseren Safari ta Gabashin Afirka, wadda ake yi a kan hanyoyin turɓaya da taɓo. A wannan shekarar ce kuma kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kakuri, Kaduna. Zamanin mulkin soja na Obasanjo aka mayar da 504 motar manyan jami'an gwamnati, daga nan ta cika ma'aikatu da tasoshin mota. Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Shi ya sa har yau kayanta ba su ɓace a kasuwanninmu ba, kuma akwai dattawan kanikawa da suka san ta kamar yunwar cikinsu.

Iri uku aka fi sani a nan: salun, wagon mai layin kujeru uku, da fikof mai buɗaɗɗen baya. Abu mafi muhimmanci da mai gyara zai sani shi ne, salun da wagon ba su da wani casis na daban da aka ɗora jiki a kai kamar na babbar mota. Jikin ne da kansa yake ɗauke da inji, da ƙafafu, da mutane. Saboda haka tsatsar da ta ci daɓen ƙasa ko ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi ta taɓa ƙarfin motar ne kai tsaye. Wanda ya toshe wurin da foti ya fesa fenti ya ba ka mota mai sheƙi wadda za ta iya naɗewa a haɗarin da bai kai ya kawo ba.

Kafin ta fita daga gida

Na farko, a warware maganar mallaka. Idan motar gado ce, a zauna da magada a san ko an raba, ko an bar wa mutum ɗaya, ko ta kowa ce. Motar da ba ta tashi ba mai kula ta, amma ranar da ta fito da sabon fenti kowa zai tuna yana da haƙƙi. A nemo takardunta, a gwada lambar casis da lambar inji da ke rubuce da waɗanda ke jikin motar.

Na biyu, a wanke ta tas, a ɗauki hoton ko'ina da waya: gaba, baya, gefe biyu, cikin bonet, cikin but, allon gaban direba, fitilu, tambarin zaki, har mariƙin ƙofa. Sannan a ɗauki littafi a rubuta duk abin da ke jikinta, irin su kafireto, lagireto, batir, jak, safaya taya, madubai, bamba da gilasai. Kayan asali na 504 sun fi sababbin da ake sayarwa yanzu inganci, kuma su ne suke yin ƙafa a gareji.

Na uku, ka duba jikin da kanka. Ka samu mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya kama, ƙarfe ne. Inda ya saki, tsohon foti ne mai kauri, wato an taɓa bugun wurin an rufe. Ka ɗaga kafet, ka sa sukundireba ka danna daɓen. Wuraren da tsatsa ta fi ɓuya su ne:

Daɓen ƙasa, wajen ƙafar direba da na mai zaman gaba.
Dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, inda ake kafa jak.
Gindin ƙofofi, inda ruwa ke kwanciya idan ramukan fitarsa sun toshe.
Kewayen gilashin gaba da na baya, ƙarƙashin roba.
Mazaunin batir, saboda ruwan batir yana cin ƙarfe.
Saman inda ƙafar gaba ta haɗu da jiki, a cikin bonet.
Daɓen but da bakin madgad.

Idan fikof ce da ta yi dakon tumaki da awaki, ko taki, ko gishiri, ka ɗauka kawai daɓen bayanta ya tafi, don fitsarin dabba ba ya barin ƙarfe. Haka motar da ta zauna Legas, Fatakwal ko Warri ta fi wadda ta zauna Kano ruɓewa, saboda laima da iskar teku mai gishiri. Lafia tana tsakiya, amma damunarmu doguwa ce, daga wajen Afrilu har Oktoba, ga zafi. Idan ka ga mazaunin ƙafar gaba da ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi duk sun ruɓe gefe biyu, wani lokaci ya fi sauƙi a nemo wani jikin mai lafiya. Amma wannan yana taɓa lambar casis, don haka sai an bi ta ofishin lasin.

Yadda ake gane mai aikin kirki

Masu fanal-bita a Lafia suna da yawa, musamman a bakin manyan hanyoyi irin titin Makurdi, titin Jos da titin Shendam. Mafi yawansu aikin haɗari suke yi: a buga, a miƙe, a fesa, mota ta fita cikin kwana uku. Tayar da tsohuwar mota wani aiki ne daban, yana son haƙuri da iya yankan ƙarfe. Kada ka tambayi mai gareji ko ya iya, ba wanda zai ce bai iya ba. Ka je tasha ka tambayi tsofaffin direbobin da suka ja 504, su suka san hannun kowa. Ka samo suna uku, ka ziyarci kowanne ba tare da motar ba.

Idan ka shiga, ga abin da za ka duba. Ka kalli motocin da ke wurin. Idan akwai waɗanda ciyawa ta fito a ƙarƙashinsu, ka tambayi dalili, don taka ma tana iya zama cikinsu. Ka nemi ya nuna maka aikin da yake cikin yi, wanda ba a riga an rufe da fenti ba. Mai gaskiya zai nuna maka inda ya yanke ruɓaɓɓen ƙarfe ya dasa sabo. Sannan ka nemi ganin motar da ya gama shekara ɗaya ko biyu da suka wuce, ka yi magana da mai ita. Sabon fenti kowa nasa yana kyau. Wanda ya sha damuna biyu bai kumbura ba shi ne shaida. Mu a kara ba ma sayen sa don ƙahonsa, sai mun duba haƙori da kofato, mun kora shi ya yi tafiya. Gani ya kori ji.

Ka tambaye shi da me yake walda. Mafi yawan namu da gas na kabaid suke yi. Ƙarfen jikin mota siriri ne, bai wuce kaurin milimita ɗaya ba, kuma wutar gas idan ta yi yawa tana lanƙwasa shi, sai a dawo ana cikewa da foti. Gwani yana ɗiga waldar ne kaɗan-kaɗan yana barin ƙarfen ya huce. Idan ka samu mai injin walda na waya, wanda ake kira MIG, ya fi tsabta. Ka duba kuma ko wurin yana da rumfa, da ɗakin ajiya mai kulle, da mai gadi da dare. Ka tambaya ko yana cikin ƙungiyar masu gyaran mota ta NATA, ka san wane ne shugaban reshensu, don wurinsa za ka fara zuwa idan magana ta taso.

Alamomin da za su sa ka juya: wanda ya yanka maka kuɗi bai leƙa ƙarƙashin motar ba, wanda ya ce mako biyu ya gama, wanda ya nemi kuɗin duka a hannu, da wanda kuɗinsa ya yi ƙasa da na sauran nesa ba kusa ba. Araha ba ta ado. Ƙabila ko addinin mai aikin ba shi ne ma'auni ba. Akwai Inyamurai da Yarbawa da Eggon da Tibi da suka ƙware a 504, kamar yadda akwai Hausawa. Kuma kasancewarsa ɗan garinku ba zai hana ku rubuta yarjejeniya ba.

Yarjejeniya da biyan kuɗi

Mun saba da ciniki na baki da musafaha, amma ko a kara akwai dillali da shaida. Aikin da zai ɗauki watanni ba a barinsa a ƙwaƙwalwa. Takarda ɗaya ta isa, kowa ya riƙe kwafi, da shaidu biyu, ɗaya naka ɗaya nasa. A rubuta lambar mota, lambar casis da ta inji, jerin kayan da aka miƙa, wuraren da za a yanke a dasa, irin fenti da launinsa, wanda zai sayo kaya, kuɗin hannu daban da kuɗin kaya, da ranar da kowane mataki zai ƙare. A ƙara layi biyu: ba za a ƙara wani aiki ko kuɗi ba sai an kira ka ka gani, kuma duk abin da aka cire za a dawo maka da shi.

Kuɗin fanal-bita a kan tsohuwar mota ba ya tsayawa daidai sai an kankare fenti an ga abin da ke ƙasa. Saboda haka ya fi kyau a yi ciniki biyu. Na farko kuɗin kwancewa da kankarewa kawai. Bayan ƙarfe ya fito fili, sai a zauna a yi cinikin gyaran. Ka ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ka tanada a gefe, don abin da zai ɓullo daga baya.

Biya kuwa a bi aiki. Ni abin da na bi shi ne kafin alƙalami kaɗan don a fara, kashi na biyu bayan na ga waldar da idona, kashi na uku ranar da za a fesa fenti, ragowar ranar karɓar mota. Kada kuɗinka ya taɓa shiga gaban aikin. Mai garejin da ya riga ya cinye kuɗinka zai riƙa ture motarka gefe duk lokacin da sabon aikin haɗari ya shigo da kuɗi a hannu. Amma kai ma ka riƙa biya a kan lokaci. Motoci da yawa da ke ruɓewa a gareji, masu su ne kuɗinsu ya ƙare a tsakiya. Ka biya ta banki ko ka karɓi rasit, ka rubuta a littafinka.

Inda ake samun kaya

Kayan 504 iri uku ne: na asali da aka ciro daga wata motar, sababbi na kwaikwayo, da waɗanda ake ƙerawa da hannu. Ƙofa, bonet, madgad, bamba da fitilu, tsofaffin asali sun fi zama daidai. Da tsohuwar zuma ake magani. Robobin gilashi da na ƙofa, tiyon birki da na mai, da wayoyin wuta kuwa, a sa sababbi. Abin da ba a samu a Lafia ba ana nemansa a Apo ta Abuja, Panteka ta Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ta Kano. Na kudu suna da Ladipo a Mushin, Agodi Gate a Ibadan, Mgbuka Obosi kusa da Anacha, da kasuwar Nkwo ta Nnewi. Masu lodin shanu da ke dawowa wayam suna iya taho maka da ƙofa ko bonet da kuɗi kaɗan. Ka je da tsohon kayan ko hotonsa, ka kuma yi sharaɗin mayarwa idan bai shiga ba. Fenti da foti da abin haɗinsu, ka je shagon tare da mai fentin ka biya da hannunka, ka ga gwangwanin a rufe.

Sa ido mataki-mataki

Ka sa rana ɗaya a mako da za ka riƙa zuwa, sannan jefi-jefi ka faɗo ba sanarwa. Ka gaisa da kowa, ka kira maigidan da girmamawa, ka riƙa yi wa yaransa ɗan ihsani, don su ne hannun da ke taɓa motarka. Kada ka tsaya a kansa kana koya masa sana'arsa. Tambaya kawai za ka yi, ka ɗauki hoto.

Matakin kwancewa: a cire gilasai, kujeru, fitilu, bamba da robobi. Fentin da aka yi an liƙe roba da takarda, daga bakin robar yake fara ɓarewa. Ƙananan kaya da notuna a zuba a leda a rubuta sunansu. Masu tsada ka kwashe su gida. A cire tankin mai da batir kafin a kunna wutar walda, don tankin da ba mai a ciki ma tururinsa yana fashewa.

Matakin ƙarfe: wannan shi ne zuciyar aikin. Tsatsa yanke ta ake yi har sai an kai ga ƙarfe mai haske. Kafin a yanke ƙarfen ƙarƙashin ƙofofi, a tokare jikin da sanduna daga ciki, kuma a yi gefe ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayan, in ba haka ba jikin zai karkace, ƙofofi su ƙi rufuwa. Ƙarfen da za a dasa ya zama kaurinsa ɗaya da na motar. Ka ce lallai kada a shafa komai a kan walda sai ka zo ka gani. Ka haska tocila ta baya, idan haske ya ɓullo akwai rami. Kada a yanke ko a goge wurin da aka buga lambar casis.

Matakin gwaji: kafin fenti a mayar da ƙofofi, bonet, but, fitilu da bamba a gwada. Ratar da ke kewaye da ƙofa ta zama iri ɗaya daga sama har ƙasa, ƙofar ta rufu da turi ɗaya. Idan za a sauke inji, yanzu ne lokacinsa, don kada bakanike ya zo ya karce sabon fenti.

Matakin foti: amfaninsa share ƙananan lotsawa. Idan kaurinsa ya wuce kamar milimita 3, an yi ha'inci a bugun ƙarfe, kuma zai tsage. Ka dawo da mayen ƙarfenka a nan. Ƙarfen da aka kankare kada ya kwana a waje tsirara, musamman da damuna, a fesa masa fentin ƙasa mai hana tsatsa da wuri. Ƙarƙashin motar da cikin madgad su ma a shafe su, a kuma buɗe ramukan fitar ruwa na ƙofofi.

Matakin fenti: ƙura da laima su ne abokan gabansa. Wanda aka fesa a fili cikin hunturu yakan fito da tsakuwa-tsakuwa, wanda aka fesa ana hadari yakan dushe. A nemi ɗaki rufaffe, a yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Idan da hali a kai wurin da ke da ɗakin gasa fenti. Fentin zamani mai haɗin sinadarin busarwa ya fi tsohon samfuri jure rana, amma tururinsa guba ne ga huhu, don haka kada ka tsaya a ciki, kuma ka tabbata yaron da ke fesawa ya rufe hancinsa da abin kirki. Shawarata a mayar mata da launinta na asali. Za ka same shi a cikin but ko ƙarƙashin kafet inda rana ba ta taɓa ba. Idan ka canja launi ko inji, ka je ofishin lasin a gyara takardu, don jami'an VIO da na hukumar kiyaye haɗurra da 'yan sanda suna gwada abin da ke rubuce da abin da suke gani, kuma mai bin hanyar kudu ya san yawan shingayen da ke gabansa.

Bayan fenti sai mai waya, sai mai kushin, sai mai gilashi. Tsofaffin wayoyin da suka bushe suna tayar da gobara, kada a yi musu faci.

Idan kana nesa

Da yawanku kuna Lokpanta, ko Akinyele, ko Oko-Oba, motar kuma tana gida. Ka wakilta mutum ɗaya tak, mai amana wanda zai iya zuwa duk mako. Kuɗin mataki ya fito ne bayan ka ga bidiyon aikin ta WhatsApp, bidiyon da ya nuna lambar motar da wurin da aka gyara a ɗauka ɗaya. Ka tsara zuwanka gida ya dace da ƙarshen aikin walda. Idan sau ɗaya kawai za ka iya ganin motar kafin a gama, to wannan ne lokacin.

Ranar karɓa

Ka je da rana tsaka, kada ka karɓi mota da magariba. Ka tsaya a gefe ka kalli jikin a karkace, nan kwarmi da tudu ke bayyana. Ka buɗe littafinka ka bi jerin kayan ɗaya bayan ɗaya. Ka sa a watsa mata ruwa sosai, sannan ka shiga ka taɓa kafet da cikin but. Ka gwada kowace fitila, hon, da abin share gilashi. Ka hau titi da bakanike, ka saki sitiyari kaɗan a miƙaƙƙiyar hanya ka ga ko tana ja gefe, ka taka birki. A rubuta cewa idan fenti ya kumbura ko foti ya tsage cikin wata shida zai gyara a kuɗinsa. Sabon fenti kuma a bar shi kamar wata guda kafin a goga masa man sheƙi.

Idan saɓani ya taso, ka fara da shaidunku, sannan shugaban ƙungiyarsu. In abin ya faskara, takardarka da hotunanka da rasit su ne za su yi maka magana a kotu. Kada ka je da matasa ka ja motar da ƙarfi, musamman a garin da kake baƙo, don rigimar mota ɗaya tana iya shafar 'yan uwa da yawa.

Wanda bai shirya ba tukuna, ga abin da zai yi yau: ya ɗora motar a kan bulo, ya cire batir, ya janye ta daga ƙarƙashin bishiya da bakin indararo, ya riƙa ɗaga tamfol ɗin tana shan iska. Hakan zai rage saurin ruɓewar har kuɗi su samu.

Allah Ya sa albarka a nema, Ya kiyaye hanya.